Na shuka dankalin turawa a Ikorodu ya yi ganye bai yi 'ya'ya ba, in sake sayen iri kala biyar?

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Mangu ta jihar Filato. Shekarata 14 a Legas, ina sayar da dankalin turawa a kasuwar Mile 12, ina zaune da iyalina a Ikorodu. Kusa da gidan da muke haya akwai rabin fuloti da mai shi bai fara gini ba, ya ce in riƙa nomawa kada ya zama juji. Bara na tsinci kwando biyu cikin kayan da nake sayarwa, waɗanda suka fara tsiro, na shuka a watan Mayu yadda na ga mahaifina yana yi, Allah ya jiƙansa. Ya fito ya yi kyau, har maƙwabta na tsayawa kallo. Bayan wata uku na tona, abin da na samu bai cika roba ɗaya ba, ƙanana kamar goro, wasu ma sun ruɓe. Na ce laifin iri ne. Yanzu na ga wani a Facebook yana tallar iri kala biyar, Nicola, Marabel, Diamant da wasu biyu da ya ce daga Turai suke, ya ce suna yi a ko'ina. Naira dubu 180 har da kuɗin kawowa, amma sai an tura kuɗi kafin kaya. Ba ni da su a hannu. Maiɗakina za ta kwashi adashe ƙarshen wata, da niyyar sayen keken ɗinki. Na ce ta ara mini ta ƙi, yau kwana huɗu daga gaisuwa sai gaisuwa. Ƙanena da ke riƙe da gonar baba a gida shi ma kullum kukan rashin iri mai kyau yake. Malam, wane iri ya fi dacewa in saya, kuma ta yaya zan shawo kanta?

Daga wani bawan Allah, Ikorodu.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya haskaka makwancinsa.

Na karanta takardarka sau biyu, kuma inda ta fi taɓa ni shi ne wurin da ka ce ka shuka yadda ka ga mahaifinka yana yi. Mutumin da ya shekara 14 yana kwance bakin buhunan garinsu, yana ganin jar ƙasar gida manne a ɓawon dankali, dole ranar da ya samu ɗan fili ya so ya ga wannan ganyen a ƙofar gidansa. Na fahimci wannan sarai, kuma ba zan raina shi ba. Amma ka tambaye ni, shawara kuma amana ce: kada ka sayi irin nan. Ko kuɗinka ne ba zan ce ka saya ba, balle na maiɗakinka. Ka bar jaki kana dukan taiki. Abin da ya hana dankalinka 'ya'ya shi ne zafin daren Legas, kuma babu irin da zai sanyaya maka shi.

Bari in warware maka yadda abin yake, domin idan ka gane shi babu mai sake ruɗinka da hoto. Da rana ganyen dankali yana haɗa abinci da hasken rana. Idan dare ya yi, in akwai sanyi, shukar takan sauke wannan abincin ƙasa ta adana shi a kan wasu siraran rassa da take miƙawa cikin kunya. Kan reshen ya kumbura, ya yi ta kumbura, shi ne dankalin da kake aunawa a kwando. Wannan ajiya ta fi tafiya daidai idan ɗumin ƙasa yana tsakanin maki 15 zuwa 20 a ma'aunin salshiyos. Da zarar dare ya wuce 20 sai ta fara ja da baya, idan ƙasa ta doshi 30 kuwa kusan tsayawa take yi. A cikin zafi shukar takan ƙone abincin da ta tara wajen numfashi, sauran ta tura shi sama ya zama kara da ganye. Daren Legas kuma galibi tsakanin 22 zuwa 26 yake, damina da rani. Ka ga ke nan kyan ganyen da maƙwabtanka suka tsaya kallo shi kansa alamar matsalar ne: abincin da ya kamata ya sauka ƙasa ne ya tsaya a sama.

Ka tuna daren garinku. Ko a watan Yuli sai da mayafi, a hunturu kuwa ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba. Tudun Jos ya kai tsayin mita 1,200 daga bakin teku, kuma duk hawan mita 1,000 iska takan ƙara sanyi da kusan maki 6. Ikorodu kuwa a bakin ruwa take zaune. Mahaifinka gwanin manomi ne, ba na shakka, amma rabin aikin sanyin tudun ne yake yi masa yana barci.

Sai ruɓewar da ka gani. Ka shuka a Mayu, wato lokacin da shukar za ta fara ajiya ya faɗa cikin Yuni da Yuli, tsakiyar ruwan Legas, lokacin da ƙasa ke kwana da ruwa ta tashi da shi. Dankalin turawa ba ya jure tsayuwar ruwa a gindinsa ko na kwana biyu. Zafi da danshi idan suka haɗu, ƙwayoyin cutar ruɓa sun samu gida.

Kuma ba sai ka dogara da maganata ba, hujjar tana gabanka kullum. Gobe idan motoci sun shigo Mile 12, tambayi direbobi daga ina lodi. Za ka ji Bokkos, Mangu, Barkin Ladi, Pankshin. Wani lokaci ka ji tsaunin Mambila a Taraba. Da hunturu ka ji na noman rani daga wajen Zariya da Kano, inda sanyin Disamba da Janairu ke ara wa manoma wata uku. A shekara 14 ka taɓa sauke buhu ɗaya da aka ce daga Epe ko Badagry yake? Manoman can ba ragwaye ba ne, kuma su suka fi kowa kusa da babbar kasuwar abinci ta Legas. Da yana yi a ƙasarsu, da ba su bari ana jawo shi daga tafiyar kusan kilomita 1,000 ba. Asalin shukar ma daga tsaunukan Andis ne na Peru da Bolibiya. Da Turawan mishan da na haƙar kuza suka kawo ta ƙasar nan, a Filato ta zauna, domin can ta samu abin da ya yi kama da gidansu.

To, maganar iri kala-kala fa? Gaskiya ce, bambancin yana nan, kai ma ka fi ni saninsa a hannu. Nicola doguwa ce mai rawayan ciki, ba ta narkewa a tukunya, ta daɗe a hannun manoman Filato. Marabel tana nuna da wuri, ɓawonta sumul, tana da farin jini a kasuwa. Diamant ta fi gari, masu suya na son ta. Irin dankali ya bambanta wajen kwanakin nuna, da jure cuta, da daɗewa a ajiya, da abin da mai saye ke so. Amma duk 'yan ɗaki ɗaya ne wajen son sanyin dare. Waɗanda aka ce daga Turai suke ma sun fi kowa, domin an ƙirƙire su ne don ƙasashen da ko damunarsu ta fi hunturunmu sanyi. Ko kala hamsin ka jera a filin nan, amsa ɗaya za su ba ka.

A shekarar 2023 an fitar da sababbin iri huɗu a Najeriya, Unica, Juriya, Babban da Kyau, ta hannun Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Umudike a jihar Abiya, tare da cibiyar binciken dankali ta duniya da ke Peru. Unica, mai jan ɓawo, an san ta da jure ɗumi fiye da sauran. Na faɗa maka ne don kada wani ya zo maka da sunanta ya ce ga maganin Legas. Jure ɗumin da ake nufi shi ne na wurin da rana ke da zafi amma dare ya yi sanyi. Wurin da mutum ke kwana da fanka yana gumi wani abu ne daban.

Shi kuwa mai tallar nan, ban san shi ba, ba zan kira shi da wani suna ba. Amma kalma ɗaya da ya faɗa ta ishe ni: wai suna yi a ko'ina. Wanda ya san dankali ba ya faɗin haka. Mai sayar da iri na gaskiya shi zai fara yi maka tambaya, ina gonarka, wane wata za ka shuka, ruwan sama ko ban ruwa. Kai ma kana da naka tambayoyin: a wace gona aka noma shi, yaushe aka tone shi, zagaye na nawa ne tun fitowarsa daga cibiya. Sannan ga kuɗi kafin kaya, sayen kifi a ruwa ke nan. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ko buhun da ke gabanka sai ka kwance gindinsa kafin ka biya. A hoto babu mai iya rabe Marabel da wani rawayan dankali da aka tsince daga kayan abinci aka wanke aka laƙaba masa suna.

Akwai haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Cutar nan da ke sa shuka ta yi yaushi tana kore shar, kamar an zuba mata ruwan zafi a gindi, cikin iri take tafiya. Idan ta sauka a ƙasa mai ɗumi da danshi irin ta Ikorodu, takan zauna shekaru, kuma ba dankali kaɗai take kamawa ba, har tumatir da tattasai da attaruhu da gauta, domin duk dangi ɗaya ne. Tunda ka ga ruɓa bara, ka bar wannan ɓangaren filin bana kada ka sa masa ko ɗaya daga cikinsu. Filin nan aro ne. Wanda ya ba ka amanar ƙasarsa bai kamata ka shigo masa da ciwo daga hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Yanzu mu zo kan maiɗakinka, domin ina ganin wannan ya fi gaggawa. Ka ce in koya maka yadda za ka shawo kanta. Ba zan yi ba, ƙanena, domin ita ce a kan daidai. Kuɗin adashen nan nata ne. Zubi ta yi ta yi, wata bayan wata, tana tsimi daga abin da da za ta kashe wa kanta. Addini ya ba mace dukiyarta, miji ba shi da iko a kai sai abin da ta bayar da daɗin rai, kuma abin da aka karɓa bayan kwana huɗu na ɗaure fuska ba a kiransa daɗin rai. Ta ga kwando biyu sun shiga ƙasa bara, ta ga abin da ya fito. Ba ta san lissafin maki 15 da 20 ba, amma jiki magayi. Keken ɗinkin da take so kuma, a unguwa irin taku mai yawan yara 'yan makaranta da matan da ke neman mai ɗinkin mata a cikin gida, zai fara shigo da kuɗi tun satin farko, kuma cikin tukunyar gidanka za su faɗa.

Ka same ta yau, ba gobe ba. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce ka bincika, ka gane maganarta ce gaskiya, ka janye batun aro, kuma ranar da ta kwashi adashenta kai za ka raka ta a zaɓo keken. Sannan ka gaya mata abin da ban tabbata ka taɓa gaya mata ba: cewa baba kake tunawa. Ina kyautata zaton ita gani take kana neman zuba kuɗinta a rami saboda taurin kai. Idan ta san kewar mahaifi ce, za ka ga yadda za ta sauko, wataƙila ma ita za ta fi ka kula da lambun.

Amma a wuri ɗaya kana da gaskiya, kuma nan ne nake so ka sa ƙarfinka. Dankalin kasuwa ba iri ba ne. Tunda da 'ya'yansa ake shuka shi, duk cutar da uwa ta ɗauka sai ta bi ɗa. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, darɓa, suna ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka. Ganye ya riƙa nannaɗewa, 'ya'ya su riƙa ƙanƙancewa shekara bayan shekara. Manomi kuma ya sayar da manya ya ajiye ƙananan a matsayin iri, alhali da yawa cikin ƙananan nan 'ya'yan shuka marar lafiya ne. Haka iri ke gajiya a hannun mutum yana gani. Kukan da ƙaninka ke yi ke nan. Abin da kake nema wa Ikorodu, gonar babanku ce take buƙatarsa, kuma can ne kowace naira za ta haihu.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka tara naka kuɗin, ko kaɗan ne, ku yi haɗin gwiwa da ƙaninka. Cibiyar da na ambata tana da reshe na binciken dankali a Kuru, kusa da Vom, ba nisa da ku. Ya je da ƙafarsa ya tambayi inda ake samun iri mai tsabta da manoman da ke ninka shi. Hekta ɗaya tana cin tan 2 zuwa 2 da rabi na iri, don haka kada ku ce za ku sauya gonar gaba ɗaya a shekara guda. Ku sayi buhu ɗaya ko biyu, a ware musu wani yanki da bai ga dankali ko tumatir ba aƙalla shekara uku, inda aka yi masara ko acca. Abin da wannan yankin ya bayar shi ne irin baɗi. Idan shuka ta yi kamar wata ɗaya da rabi, ya zagaya ya kafa tsinke a gindin waɗanda suka fi lafiya, ya tuge masu nannaɗaɗɗen ganye ko yaushi ya fitar da su daga gonar. Ranar tono a fara da masu tsinke, a ajiye nasu daban.

Wajen saye kuma ya duba da kyau. Girman ƙwan kaza shi ne daidai, a shuka shi sukutum ba a yanka ba, domin wuƙa tana raba cuta. Ya zama mai tauri, ba wanda ya yamutse ba. Dankali yakan yi barcin wata biyu zuwa uku bayan tono kafin ya farka, saboda haka wanda aka tone jiya ba na shukawa gobe ba ne. Tsiron da ake so gajere ne, kakkaura, mai duhun kore ko shunayya, uku ko huɗu a jiki, irin wanda ke fitowa idan an baza iri a kan katako a ɗaki mai haske da iska ba rana kai tsaye ba. Dogon farin tsiro na cikin buhu karyewa yake yi, ya riga ya shanye ƙarfin irin. Ya ɗauki guda goma daga wurare daban-daban na buhun ya tsaga. Idan ya ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, ko ya matsa wani farin ruwa kamar mugunya ya fito, ko ya ga ƙasa ta liƙe a idanun, ya bar buhun ko kyauta ne.

A can ne kuma maganar kala-kala take da ma'ana. Ba na son ya zuba komai a iri ɗaya. Kun ga abin da cutar ƙunar ganye ta yi wa manoman Filato a daminar 2022, gona ta yi baƙi cikin 'yan kwanaki kamar an bi ta da wuta. Ita ce cutar da ta faɗa wa ƙasar Ailan a 1845, lokacin da talakawan ƙasar suka dogara kusan da iri guda, yunwar da ta biyo baya ta ci kusan mutum miliyan ɗaya. Sunan arish da kuke kiran dankalin da shi a kasuwa daga sunan wannan ƙasar ya fito. Amma biyar sun yi yawa ga mai ƙaramin ƙarfi. Uku sun isa: biyu da kasuwa ta sani, kai ne ma za ka gaya masa waɗanda masu saye ke nema a rumfarka, sai ɗaya daga sababbin nan a ɗan yanki don gwaji. Kowanne a kunyoyinsa, da alama, kada a gauraya wajen tono. Shukar damina a can Afrilu zuwa Mayu ce, ta rani Oktoba zuwa Nuwamba, don haka a fara neman iri wata biyu kafin lokaci. Kuma ku rubuta yarjejeniyarku, wa ya sa me, yaya za a raba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Rubutun zumuncin yake karewa.

Filin Ikorodu fa, a bar shi? A'a. Akwai dankalin da zafi da ruwan Legas ke yi wa daɗi, namu na Hausa. Shi ba ya neman sanyin dare, kuma ba ka buƙatar buhun iri, yaɗonsa ake yanka a kafa. Idan sha'awarka ganin kala-kala ce, a nan za ka more. Akwai fari, akwai mai jan ɓawo da muka saba, akwai kuma masu ciki ruwan lemo da cibiyar Umudike ta fitar, King J, Mother's Delight da Solo Gold, masu ɗauke da sinadarin bitamin A da ke taimakon idon yara da garkuwar jikinsu. Mother's Delight ta fi launi amma tana da laushi idan ta dahu, King J ta fi ta gari. Manoman Kwara da Osun suna nomansu. Ka tambayi malaman gona a hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Legas da ke Oko-Oba a Agege inda za ka samu yaɗo mai lafiya, ko ka roƙi manomin da ka ga gonarsa da idonka.

Ka yanki kan yaɗo mai tsawon santimita 25 zuwa 30, mai gaɓa huɗu ko fiye, daga gonar da ba ta wuce wata uku ba. Ka ɗaga kunya sosai saboda ruwa, mita ɗaya tsakanin kunya da kunya, taƙi ɗaya da ɗan ƙari tsakanin shuka da shuka, ka binne kashi biyu cikin uku na yankin. Da za ka cika rabin fulotin nan da shi, yanki kusan 1,000 zai ci, amma ba na so ka cika. Kada ka yawaita masa kashin kaji ko takin yuriya, in ba haka ba ka sake ganin ganye ba 'ya'ya. Tokar murhu ta fi masa amfani. Babban abokin gabansa ɗan ƙwaron nan ne da ke huda shi ya sa shi ɗaci, kuma ta tsagar ƙasa yake shiga, don haka duk inda ka ga kunya ta tsage ka rufe. Wata uku zuwa huɗu ya nuna, kada ka bar shi ya daɗe bayan haka. Kana iya kafawa a Afrilu ko Mayu, ka sake a ƙarshen Agusta don ruwan baya.

Sauran filin ka ba kayan miya. Alayyafo sati uku zuwa huɗu ka fara yanka. Lalo, wanda maƙwabtanka ke kira ewedu, ba sai ka kai shi kasuwa ba, a ƙofar gida za a saye. Kuɓewa wata biyu ta fara ba ka. Kusurwar da ruwa ke kwanciya ka sa mata gwaza. Amfanin waɗannan, ban da gwaza, shi ne ba sa daɗewa, ko mai fili ya zo da tifar yashi ya ce zai fara gini, asararka kaɗan ce. Ka ɗauki rana ɗaya ka je wajen 'yan'uwanmu masu lambu a yankin Ojo ta hanyar Badagry, ka zauna da su ka ga yadda suke ɗaga fangali a wannan ƙasa. Abin da za ka koya a wuni ɗaya a can ya fi abin da zan rubuta maka.

Na san duk da haka zuciyarka ba za ta saki arish ɗin nan ba, kuma ba na so ta saki. Ka yi gwaji ƙarami da ba zai taɓa aljihun kowa ba. Ka ce ƙaninka ya saƙo maka ƙwaya ashirin na iri mai lafiya a motar kaya, in da Unica a ciki ya fi. Ka samu fararen buhuna goma, ka huda gindinsu, ka zuba ƙasa mai rairayi gauraye da ruɓaɓɓen taki zuwa rabi. Ƙwaya biyu a kowane buhu, zurfin santimita 10. Ka shuka a ƙarshen Nuwamba, yadda lokacin ajiyarsa zai dace da ɗan hunturun da ke leƙo Legas a Disamba da Janairu, ruwa kuma ya ɗauke. Ka ajiye su inda za su sha ranar safe su samu inuwa da azahar, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ka riƙa ƙara ƙasa yayin da suke tsayi don kada rana ta taɓa 'ya'yan su yi kore, domin koren dankali yana da guba. Ban ruwa da yamma, daidai jiƙa, ba ambaliya ba. Buhu yana kare filin mutane daga cuta. Kada ka sa ran abin sayarwa. In ka samu na faten dare ɗaya, ka gode wa Allah.

Idan sun tsiro, ka kira yaranka ka nuna musu, ka murza ganyen su ji ƙamshinsa, ka gaya musu abin da kakansu ya ciyar da ku da shi ke nan. A dogon hutun makaranta na Agusta kuma, lokacin tonon damina, in hali ya yi hanya kuma lafiya lau, ka ɗauke su da mahaifiyarsu ku je Mangu, su tsaya a gonar su ga yadda kunya ɗaya take cika kwando.